Hoton kwamfutata ya yi nauyi bayan ɗaukewar kuran: jiga nawa zan ware wa grafik a BIOS?

Mai Montaj, Yamai:

Assalamu alaikum masana kwamfuta na wannan zaure. Taimako nake nema a kan kwamfutar da nake haɗa bidiyon biki da ita a shagona, nan Wadata. In yamma ta yi kuma yaran unguwa sukan buga ƙwallo da GTA V a kanta.

Ga kayan cikinta: Ryzen 3 3200G, babu kart grafik ta dabam, Vega 8 ɗin da ke cikin furosesa shi ke fitar da hoto. Kart mer, wato babban faifan da ake jona dukkan kayan a kansa, B450 ce, baret ɗin RAM guda ɗaya mai jiga 8, an rubuta DDR4 3200 a jikinsa, SSD jiga 256, Windows 10 na Faransanci.

Da lafiya lau take aiki. Makon jiya kuran ya ɗauke, da ya dawo na kunna ta sai ta tsaya a baƙin allo tana cewa in danna F1, agogonta kuma ya koma shekarun baya. Na gyara kwanan wata na wuce. Tun daga ranar hoto yake sarƙewa, wasan da yake tafiya sumul yanzu sai ya riƙa tsalle-tsalle. Na duba Gestionnaire des tâches na ga inda aka rubuta "dédiée" mega 512 ne, alhali ina tuna da jiga 2 nake gani a wurin. Sai na shiga BIOS, shafin saitin kart mer da ake shiga kafin Windows ya tashi, na mai da UMA Frame Buffer Size zuwa 4G, a tunanina tunda 2 ta yi kyau 4 za ta fi. To abin ƙara lalacewa ya yi. Yanzu ko Chrome na buɗe sai ta yi ta tunani, Windows na cewa jiga 3,9 kaɗai zai iya amfani da shi, layin Disque kuma kullum 100%.

Nawa ya kamata in sa? Ko kuwa grafik ɗin ne kuran ya ƙone?

Injiniya Baban Nana, Yamai:

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, babu abin da ya ƙone. Grafik ɗin da ya ƙone ba nauyi yake yi ba, layuka yake zanawa a ekaran ko ya ƙi fitar da hoto gaba ɗaya. Abubuwa uku ne suka haɗu maka, kai kuma ɗaya kaɗai ka gani.

Mu fara da wanda ka taɓa da hannunka. Vega 8 ba shi da ma'ajiyar kansa ko mega ɗaya. Duk abin da yake ajiyewa cikin baret ɗinka mai jiga 8 yake ajiye shi. Abin da UMA Frame Buffer Size ke yi shi ne ya kafa shinge cikin wannan gona ɗaya: ya yanki wani ɓangare tun kafin Windows ya tashi, ya ce wannan na grafik ne, kada kowa ya shiga. Ƙasar da ke cikin shingen da wadda ke wajensa iri ɗaya ce, saurinsu ɗaya. Da ka zaɓi 4G rabin gonar ka killace, ka bar Windows da manhajar montaj da Chrome suna cunkushe a jiga 3,9. Da wurin ya cika sai Windows ya fara kwashe kaya yana zubawa a SSD yana sake ɗebowa, shi ne 100% ɗin da kake gani a layin Disque. SSD komai saurinsa bai kama ƙafar RAM ba. Jiga 4 ɗin da ka killace kuwa yawancinsa zaune yake fanko. An je neman gira an rasa ido ke nan.

Ka tabbatar da idonka. Gestionnaire des tâches, Performances, Mémoire, ka dubi ƙasa wajen "Matériel réservé". Za ka ga jiga 4,1 ko kusa da haka.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ban da abin da BIOS ya killace, Windows yana ranta wa grafik har rabin RAM ɗin da ya rage a hannunsa, a lokacin da ake buƙata, in an gama ya karɓi abinsa. Shi ne aka rubuta "partagée". Da kake kan mega 512, Windows na da wajen jiga 7,4, rabinsa 3,7, ka haɗa da 512 ɗin ka ga grafik zai iya kaiwa jiga 4,2. Wato ba wuri ne ya yi masa kaɗan ba.

To me ya sa wasu wasannin ke lalacewa in adadin ya yi ƙasa? Saboda su lambar "dédiée" kawai suke karantawa, da ita suke yanke hukunci. GTA V misali, a sigarsa ta asali, mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne kart mai jiga 1, kuma a shafin saitin hotonsa akwai ma'auni da ke hana ka ɗaga inganci in ka wuce abin da ya gani. Wasu wasannin sukan sauke ingancin zanen bango da ciyawa da fuskoki da kansu, wasu su yi ta kwashe zane suna mayarwa, shi ne ɗan tsayawar da kake ji in mota ta shiga sabuwar unguwa. A irin wannan kaɗai ƙara adadin ke da amfani, kuma da zarar wasan ya gamsu, duk abin da ka ƙara a sama asara ce.

Na biyu, kuma ina kyautata zaton shi ne ya fi cin saurinka. A wannan shafin na Mémoire ka dubi "Vitesse". In ka ga 2133, to saitin saurin RAM ya goge tare da sauran. Baret da yawa da aka rubuta 3200 a jikinsu ba sa gudu a 3200 sai an kunna musu XMP a BIOS, in ba haka ba 2133 ko 2400 suke tsayawa. Lissafinsa mai sauƙi ne, ka ninka saurin sau 8. A 3200 baret ɗaya na kai jiga 25,6 a daƙiƙa, a 2133 kuma wajen 17. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi ke nan, kuma grafik na cikin furosesa da wannan saurin yake rayuwa.

Na uku shi ne tushen duka: pil ɗin kart mer, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS in babu wuta, ya mutu. Wancan baƙin allon na F1 da agogon da ya koma baya su ne shaida. In ba ka canja shi ba, duk abin da za ka saita yau, kuran na ɗaukewa zai sake gogewa.

Ɗan Ader, Tawa:

Sannu da aiki Injiniya, bayani ya yi. Malam Mai Montaj, bari in jera maka aikin yadda za ka bi shi, don in ka fara da BIOS ka bar pil, aikin banza za ka yi.

Pil ɗin CR2032 ne, mai faɗi kamar ƙwandala, volt 3. Duk inda ake saida pil na agogo ko na makullin mota kana samun shi. Ka kashe kwamfuta, ka zare fil daga bango, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 don sauran wutar ta fita. A gefen gurbin pil akwai ɗan ƙarfe mai riƙe shi, ka tura shi baya da farce, pil ɗin zai yi tsalle da kansa. Kada ka sa tsinin turnabis ƙarƙashinsa ka ɓanɓara, gurbin roba ne, yana tsagewa. Sabon ka sa shi fuskar da ke da alamar + tana kallon sama. In kana da miltimetir, sabo yana nuna volt 3,2 ko sama kaɗan, wanda ya faɗo ƙasa da 2,8 kuwa lokacin canja shi ya yi. Wannan pil ba ya aiki sai lokacin da wuta ba ta shiga kwamfuta, shi ya sa wadda ake zare mata fil kowane dare, ko take unguwar da kuran ke yawan tafiya, tana cinye shi da wuri.

Sai BIOS. Kana kunnawa ka yi ta danna Suppr, wato Del, ko F2. In tana saurin wucewa, daga cikin Windows ka riƙe Maj ka danna Redémarrer, ka bi Dépannage, Options avancées, ka zaɓi na saitin UEFI. Abu na farko agogo da kwanan wata.

Ba ka faɗi kamfanin kart mer ɗinka ba, kuma kowanne da inda ya ajiye abin. A ASUS ka danna F7, ka shiga Advanced, NB Configuration. A MSI yana Settings, Advanced, Integrated Graphics Configuration, kuma sai ka mai da Integrated Graphics zuwa Force kafin layin adadin ya bayyana. A Gigabyte ma haka, Integrated Graphics ya koma Forces, UMA Mode ya koma UMA Specified. A ASRock can ƙasa yake, Advanced, AMD CBS, NBIO Common Options, GFX Configuration. Sunayen sukan ɗan motsa daga wani BIOS zuwa wani, amma tunda ka riga ka gano wurin sau ɗaya, za ka sake gano shi.

Da jiga 8, ni shawarata 1G. Windows zai samu wajen 6,9, GTA V kuma ya ga abin da yake nema. Ka ajiye da F10, ka shiga Windows, ka gwada wasa ɗaya a wuri ɗaya na minti 10. Bayan nan ka koma ka kunna XMP. ASUS na kiran shi D.O.C.P., MSI na kiran shi A-XMP. Kada ka canja biyun a shiga ɗaya, don in wani abu ya faru ba za ka san wanne ya jawo ba.

Abu ɗaya game da XMP: saurin da AMD ta rubuta wa 3200G shi ne 2933. Da yawa suna riƙe 3200 ba matsala, amma ba dole ba ne. In ka fara ganin shuɗin allo ko wasa na rufe kansa, ka sauke zuwa 2933 da hannu. Don gwaji ka rubuta mdsched a wurin bincike na Windows, ko ka sa manhajar gwajin RAM ta MemTest86 a kile ya kwana yana zagayawa. In kuma ka ajiye sai allo ya tsaya baƙi, fanka na juyawa, hoto babu, kada ka firgita. Zare fil, cire pil minti 5, mayar. BIOS zai koma yadda ya fito daga kamfani, ka sake farawa.

Mai Montaj, Yamai:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Na duba, Vitesse 2133 ne kamar yadda Injiniya ya ce, "Emplacements utilisés" kuma 1 sur 4. Na canja pil, na sa 1G, na kunna XMP ya zauna a 3200. Windows ya dawo hayyacinsa, Disque ya sauka, wasan ƙwallo ya koma daidai. Sai dai GTA V a 1080 har yanzu yana ja, layin GPU, wato grafik, yana manne a 99%. In mayar da shi 2G kamar da?

Hajiya Mai Gyara, Yamai:

Ɗan'uwa, kafin ka mayar ka dubi abu ɗaya. Kana cikin wasan ka danna Alt da Tab, ka shiga shafin GPU, ka kalli zanen "dédiée" da na "partagée". In na farkon ya cika maƙil, na biyun kuma ya haura jiga 1, wasan na kuma ɗan tsayawa lokaci-lokaci yana sakewa, to gwada 2G yana da ma'ana. Amma ka san farashinsa: Windows zai koma jiga 5,9, kuma manhajar montaj RAM take ci fiye da komai. A nan ina tare da Ɗan Ader, mai jiga 8 da ke aikin bidiyo 1G ya fi masa. Mai jiga 4 kuwa kada ma ya taɓa, ya bar shi a Auto.

Amma abin da ka kwatanta ba na wuri ba ne. 99% da ke manne, hoto na tafiya a hankali bai ɗaya ba tare da tsalle ba, wannan yunwar hanya ce. Wancan "1 sur 4" shi ne maganar.

Furosesa ɗinka hanyoyi biyu gare shi zuwa RAM, baret ɗaya kuma hanya ɗaya yake buɗewa. Ka tuna lokacin da gadar Kennedy kaɗai ke haɗa gari da Harobanda, kowa ta nan zai bi, mota da babur da raƙumi. Ko ka faɗaɗa tashar mota ninki goma, gadar ba ta ƙaru ba. UMA tasha ce, baret na biyu shi ne gada ta biyu. Da baret biyu a 3200, daga jiga 25,6 a daƙiƙa ka koma 51,2. Kuma wannan hanyar furosesa da grafik ne suke raba ta, ba ta grafik kaɗai ba ce. Don ka ga girman abin, ƙaramar kart GT 1030 mai GDDR5 wajen jiga 48 a daƙiƙa take da shi ita kaɗai. Wato Vega 8 da baret biyu ne yake shiga sahun ƙananan kart, da baret ɗaya kuwa ɗaure yake. Ba na cewa saurin wasa zai ninka daidai biyu, amma babu wani saiti a BIOS da zai ba ka kusa da abin da wannan zai ba ka.

In za ka saya, ka nemi DDR4 jiga 8 na kwamfutar tebur, dogon, ba gajeren na portabul ba. Ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin naka ka tafi da shi, a dubi sauri da lambar CL, wato ta jinkirin baret. In saurinsu ya bambanta, duka biyun za su bi na ƙasa. In na okaziyo ne, ka ce a gwada maka a gabanka, ka kuma dubi haƙoran zinariyar, kada ka karɓi mai baƙin tabo ko kore. Wurin sawa yana da muhimmanci: a kart mer mai gurbi 4, yawanci na biyu da na huɗu ne in ka ƙirga daga furosesa, an rubuta A2 da B2 da ƙananan haruffa a gefe. In ka sa su gurbi biyu da ke manne na A1 da A2, jiga 16 za ka gani amma hanya ɗaya ce har yanzu. Wannan kuskuren yana yawa ƙwarai. Ka tabbatar da manhajar CPU-Z, shafin Memory, ya rubuta Dual ko 2 x 64-bit. A nan kuma za ka ga DRAM Frequency wajen 1600, kada ka ɗauka ya sauka, rabin lambar yake nunawa, 1600 shi ne 3200.

Da ka kai jiga 16 sai ka sa 2G hankali kwance. Kafin nan, sauke wasan zuwa 1280 x 720. Ɗigon hoton 720 bai kai rabin na 1080 ba, nan take za ka ji sauƙi.

Sai zafi, tunda muna Yamai. A watan Afrilu da Mayu iskar shago kanta ta haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana nan daskare tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka kamar auduga. 3200G iyakarsa digiri 95, yana kusantar nan zai rage gudu da kansa, grafik da furosesa a tare tunda gida ɗaya suke. Alamarsa daban ce: minti 10 na farko lafiya, daga baya nauyi. In haka kake gani, ka fitar da ita waje ka hure ta, ka riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta da ƙarfi, ka goge tsohon pat termik ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.

Ɗalibi, Tawa:

Gafara dai manya, in ɗan raɓu da tambayar. Kwamfutata ta ofis ce ta okaziyo, Core i5-6500 da HD 530, jiga 8. Ita mega 128 take nunawa, kuma ban ga UMA a BIOS ɗinta ba. An ce akwai abin da ake rubutawa a regedit, rajistar saitin Windows, ya ƙara. Gaskiya ne?

Injiniya Baban Nana, Yamai:

Ƙanena, wancan 128 ɗin ba shinge ba ne na gaske. Intel da kanta ta bayyana cewa pilot ɗinta, wato manhajar da ke tuƙa grafik, ne ke faɗin wannan lambar don tsofaffin manhajoji da ba su gane tsarin RAM ɗin da ake rabawa ba su yarda su tashi. Grafik ɗinka yana iya rantar har kusan jiga 4 daga cikin 8 ɗinka, ka dubi "partagée" za ka gani.

A wajen Intel sunan saitin DVMT Pre-Allocated, yawanci 32M ko 64M. A kwamfutocin ofis na HP, in akwai shi, F10 ne wajen kunnawa, Advanced, Built-In Device Options, Video memory size. Wasu kwamfutocin ofis da yawancin portabul ba su da layin ko kaɗan, kuma ba wata hasara ba ce. Hoton allo guda na 1920 x 1080 mega 8 ne da ɗan ɗoriya, ka ga 64M ya ishi fitar da hoto har da saura.

Na regedit ɗin akwai shi, DedicatedSegmentSize sunansa, a ƙarƙashin Intel, GMM, kuma bai wuce 512. Lambar da ake gaya wa wasa kawai yake canjawa. In wani tsohon wasa ya ƙi buɗewa yana cewa ma'ajiyar hoto ta yi kaɗan, yana iya sa shi ya buɗe. Sauri kuwa ko ƙwaya ba ya ƙarawa. Kai abu biyu za ka duba. Gestionnaire de périphériques, Cartes graphiques: in ka ga "Carte vidéo de base Microsoft" a maimakon Intel HD Graphics 530, pilot ne babu, furosesa ne ke zana komai da kansa, kuma wannan ya fi kowane saiti jawo nauyi a kwamfutocin da aka sake wa Windows a gurguje. Sannan jiga 8 ɗinka, baret ɗaya ne ko 4 biyu? In 4 biyu ne a gurbin da ya dace, ka riga ka samu abin da HD 530 zai iya bayarwa.

Malam Mai Montaj, gargaɗi biyu kafin ka sake shiga BIOS. A wasu kart mer adadin da ya haura 2G ba ya kamawa sai an kashe CSM, saitin da ke barin kwamfuta ta tashi a tsohon tsari, kuma za ka ga masu ba da shawarar a kashe. In Windows ɗinka a tsohon tsari aka sa shi, kana kashe CSM kwamfuta za ta daina ganin SSD ɗin wajen tashi. Ka rubuta msinfo32 ka dubi layin "Mode BIOS": in UEFI ne babu damuwa, in "Hérité" ne ka bar CSM yadda yake. Kai ma ba ka da buƙatar wuce 2G.

Na biyu, kada wani ya ce ka sabunta BIOS a kan wannan matsalar, ta riga ta warware ba tare da shi ba. In wata rana dole ta kama, sai da ondular mai cikakken caji, domin kuran da ya ɗauke tsakiyar wannan aikin yana iya barin kart mer ta ƙi tashi. Ranar da ka sa baret na biyu kuma, ka sake leƙa Vitesse, saboda kart mer da yawa sukan mayar da RAM 2133 in sun ga sabon baret, sai ka sake kunna XMP.